Yadda Kalkuleta Ta Fito Daga Ofis Ta Shiga Aljihu

Tambaya: Malam, mahaifina ya ce a zamanin ƙuruciyarsa kalkuleta sai manyan ofisoshi. Da gaske ne? Yaya kuma aka yi ta zama abin da kowane ɗan makaranta ke riƙewa?

Amsa: Gaskiya Baba ya faɗa maka. Ta farko mai aiki da lantarki zalla da aka kai kasuwa ita ce ANITA, wadda kamfanin Bell Punch na Ingila ya fitar a 1961. A kan tebur ake girke ta. A 1964 kamfanin Sharp na Japan ya fito da CS-10A mai nauyin kilo 25, a kan yen (kuɗin Japan) 535,000, kusan kuɗin sabuwar mota a lokacin. Wa zai sayi wannan ya kai gida? Sai bankuna da manyan kamfanoni. Dillalin kamfani ne ke bin su ofis-ofis, ya kunna ta a gaban akanta, ya nuna masa ba ta yin ƙara irin ta tsofaffin injinan lissafi masu haƙoran ƙarfe, kuma amsa na fitowa nan take.

A 1972 lamarin ya juya. Kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fitar da HP-35 a kan dala 395, domin injiniyoyi, kuma sharaɗin da Bill Hewlett, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya gindaya shi ne ta shige aljihun riga. A Ingila, Sinclair ya tallata tasa siririya a matsayin kayan ƙawa na manyan ma'aikata.

Amma a ganina Casio ce ta yi dabarar da ta fi kowacce. Ta tambayi kanta me talaka ke lissafawa, sai ta ga cefane ne da kuɗin haya, waɗanda ba sa buƙatar dogon jerin lambobi. Ta rage allon Casio Mini zuwa lamba shida kacal, abin da ya sauko da farashi zuwa yen 12,800. Sannan ta kauce wa dillalan injinan ofis, ta zuba kayanta a shagunan sayar da biro da littattafan rubutu, ta haɗa da talla a talabijin. Mai shigowa sayen fensir sai ya gan ta a kan kantar shagon, ya danna da yatsansa, ya fita da ita. Cikin wata goma an sayar da miliyan ɗaya, sauran kamfanoni kuma dole suka karya farashi ko su bar kasuwar.