Kun Tambaya, Mun Amsa: Wai Kunkuru Ne Ya Fi Kowa Tsawon Rai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta haɗa ni da ƙanina, shi ya dage wai kunkuru ne ya fi kowace dabba daɗewa a duniya, ni kuma na ce giwa ce. Don Allah a raba mana gardamar nan.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. To gaskiya ƙaninka ya fi ka kusa, don giwa kam shekara 60 zuwa 70 take yi. Kunkuru kuwa akwai wani da ake kira Jonathan a tsibirin Sant Helena, an kawo shi can daga tsibiran Seshel a 1882 kuma lokacin ma ya riga ya gama girma, shi ya sa aka ƙiyasta an ƙyanƙyashe shi wajen 1832, ka ga ya haura shekara 190 ke nan. Yanar ido ta rufe masa gani amma kunnensa garau.

Sai dai fa shi ma ƙanin naka bai ci gardamar ba, don in aka shiga teku kunkuru yaro ne. Akwai kifin shak na Girinlan da ke rayuwa can ƙasan ruwa mai tsananin sanyi, a 2016 masu bincike ƙarƙashin Julius Nielsen na Jami'ar Kofanhegan suka auna guda 28, babbar cikinsu mai tsawon mita 5 aka ƙiyasta shekarunta wajen 392, ko an rage an rage ba za ta gaza 272 ba. Abin da ya fi ba ni mamaki wallahi shi ne kifin nan kusan santimita 1 kawai yake ƙarawa a shekara, macen kuma sai ta kai wajen shekara 150 kafin ta fara haihuwa. Komai nasa a hankali yake, iyo a hankali, girma a hankali, sanyin ruwan ya sa jikin baya ƙona ƙarfi da sauri, kuma masana na ganin hakan na daga cikin dalilan daɗewar tasa.

Wadda ta fi shi ma wata 'yar ƙumbar teku ce da aka tsamo kusa da Aisilan a 2006, shekararta 507, wato tun 1499 take nan a kwance cikin yashi. Aka sa mata suna Ming saboda daular Ming ce ke mulkin Sin lokacin da ta zo duniya. Abin tausayi, a hannun masu binciken ta mutu, sun saka ta a firiza tare da sauran ƙumbar da suka tsamo tun ba su san tsufanta ba.

Tambaya: Malam ni fa ban gamsu ba, waye ya ga ranar haihuwarsu da za a ce shekara ɗari kaza? Ba ƙiyasi ba ne kawai?

Amsa: 'Yar'uwa tambayarki tana kan hanya, kuma na ji daɗinta sosai. Ai ba duka lissafin ne ƙarfinsu ɗaya ba. Na ƙumba ƙirgawa ake yi, duk shekara ɓawonta yana ƙara layi ɗaya, amma duk da haka da farko 405 aka ce, sai a 2013 da aka sake ƙirgawa a tsanake aka samu 507. Na shak kuma gwajin sinadarin kabon, wanda ke nuna tsufan abu, aka yi a tsakiyar ƙwayar idonsa, saboda wannan wurin tun kafin a haife shi yake samuwa kuma baya sabuntawa, shi ya sa kika ga tazarar tana da faɗi har shekara 120 sama ko ƙasa. Wani lokacin kuma shaidar a jikin dabbar take, kamar wani kifin wel, ƙatuwar dabbar teku, da mafarauta suka kama a Alaska a 2007 aka tarar da guntun mashi a jikinsa irin wanda aka ƙera tun ƙarshen ƙarni na 19.

Tambaya: To bishiyoyi fa, su ma suna cikin lissafin?

Amsa: Suna ciki mana, su ne ma manya. A duwatsun Kalifoniya da ke Amurka akwai wata bishiya da ake kira Methuselah, ta wuce shekara 4,800 kuma har yau tana tsaye a wurin da ba ruwa sosai ga iska ga sanyi. Hukuma ta ɓoye ainihin inda take don kar mutane su lalata ta, ni kam ina goyon bayan hakan ɗari bisa ɗari, domin a 1964 wani ɗalibi mai bincike ya sa an sare 'yar'uwarta a jihar Nebada, sai bayan ta faɗi aka ƙirga zoben da ke cikin kututturenta, wanda duk shekara ɗaya ke ƙaruwa, aka samu 4,862.