Tambaya da Amsa: Motar da ta daɗe a ajiye ta ƙi tashi

TAMBAYA: Malam, akwai wata Peugeot 404 ƙirar 1970 da mahaifinmu ya bari. Shekara takwas ke nan tana rufe a gareji, kuma lafiya lau aka ajiye ta, da kusan rabin tanki na fetur. Na sa sabon batir, inji yana juyawa amma ko tari ba ta yi ba. Wani ya ce in tura ta, wani ya ce in sayi sabon kafireto. Ta ina zan fara?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka fara da zare makullin nan ka sa a aljihu. Injin da ya shekara takwas a tsaye, baƙin mansa ya gama tsiyayewa ƙasa, bangon silinda ya bushe, wataƙila har da tsatsa. Duk murɗin da ka yi ƙarfe ne ke gurzar ƙarfe, famfo kuma yana ta ɗura wa kafireto mataccen fetur. Turi ba zai ƙara maka komai ba tunda sitata tana aiki.

Kwance fulogi huɗun, ka zuba kamar cokali guda na baƙin mai a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Washegari ka juye tsohon man inji ka sa sabo, ka sa giya a firi, ka kama notin fulin da ke ƙasan inji da sifana ka juya shi da hannu zagaye biyu. In ya cije a wani wuri kada ka yi masa ƙarfi, bawul ne ya maƙale ko tsatsa ta riƙe fistin; ƙara mai ka jira. In ya juya sumul, cire ƙaramar wayar kwayil da tiyon da ya taso daga tanki, ka buga sitata ba fulogi, daƙiƙa 10 a kowane bugu da hutun minti guda, har fitilar baƙin mai ta mutu. Ka leƙa tukunyar matatar iska da bakin salansa, ɓeraye na son yin gida a nan.

Yanzu buɗe murfin tanki ka shinshina. Fetur mai rai warinsa na da kaifi, matacce kuwa warin tsohon fenti yake yi, kalarsa ta koma ja-ja mai duhu. Ɓangaren fetur mai saurin kama wuta shi ke fara bin iska, tun cikin 'yan watanni. Abin da ya rage sai ya zama danƙo ya like duk wata ƙaramar kafa. Rabin tankin nan kuma ya fi cikakke ɓarna: iskar da ke sama tana ɗauke da laima, ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara ƙasa ta haifi tsatsa. Ɗebi kaɗan a kwalba mai haske ka ajiye minti goma, za ka ga ruwa ya kwanta a ƙasa da baƙin gari-gari. Wannan fetur ba a gauraya shi da sabo. A juye shi duka, a sauke tankin a wanke.

Kafin ka kai ga sauke tanki, ka raba gardama: wuta ce babu ko mai? Mayar da wayar kwayil, ka sa fulogi ɗaya a wayarsa, ka riƙe shi da filaya mai hannun roba ya taɓa jikin inji, wani ya murɗa makulli. Shuɗiyar wuta mai ƙara tas-tas ake nema. In babu, ko ta fito ja mai rauni, buɗe distiributa, wato mai raba wa fulogi wuta. A motocin wancan zamani kwantak, wato ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu a cikinsa, ne kan gaba wajen laifi, don fuskokinsa biyu kan yi wani farin ɓawo in sun daɗe ba aiki. Goge su da sanfefa mai laushi, ka ja farar takarda a tsakaninsu har ta fito fes, ka daidaita tazarar a milimita 0.4, ta fulogi kuma 0.6. Sayen sabon kwantak da kwandensa ya fi wannan wahala sauƙi, in ka samu masu kyau. Batir kuwa, sabunta ba hujja ba ce: ya nuna volt 12.6 a zaune, kada ya faɗi ƙasa da 9.6 lokacin bugu.

In wuta ta samu, mayar da fulogi, zuba cokali ɗaya na sabon fetur a maƙogwaron kafireto, ka mayar da matatar iska, ka kawar da fuskarka, don yakan yi aman wuta. Ta tashi daƙiƙa biyu ko uku ta mutu? To matsalarka mai ce. Sa bakin tiyon famfo cikin ƙaramar jarka mai lita biyu na sabon fetur, ka zare wanda ke shiga kafireto ka sa a kwalba. Ya kamata ya riƙa tsartuwa da ƙarfi in an buga sitata. In ɗiga yake yi, fatar robar cikin famfon ta ƙandare.

Kafireto kuwa kada ka saya tukuna. Na asalin da ke jikinta yakan fi na kwaikwayo inganci, kuma wanki kawai yake so. Cire murfin samansa, za ka tarar da danƙo a gindin kwanon mai, allurar da ke buɗe wa mai hanya ta like. Kwance jet-jet ɗin, wato ƙananan notuna masu ramin da mai ke bi, jiƙa su a ruwan wankin kafireto, hura da iska, ka ɗaga kowanne ka ga haske ta ramin. Kada ka zura waya: tagulla ce mai taushi, ramin na faɗaɗa ka shiga shan mai da baƙin hayaƙi. Sa sababbin gasket, ka canja duk tiyon roba da wanda ke jure fetur mai gaurayen etanol, ka ƙara matatar mai mai haske kafin famfo. Duk wannan a waje ake yi, da abin kashe gobara a kusa. Kuma ko ta tashi kada ta hau titi sai an duba birki da tayoyi.

TAMBAYA: Tawa ta tashi bayan shekara uku, amma da na mayar da cok sai ta mutu. A kan hanya kuma bayan minti goma sai ta shaƙe, in ta huta ta sake tashi.

AMSA: Ciwo biyu ne, Malam. Injin da ba ya ci gaba da aiki sai da cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga kafireto, mai ne ya yi masa kaɗan a silo: ko jet ɗin silo ya toshe, ko iska na shiga ta gindin kafireto ko ta wani tsagaggen tiyo. Na biyun, da zarar ta mutu ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska fuuu, kafar numfashin tankin ce ta toshe, famfo yana ja har ya gaza. In ba ka ji komai ba, tsatsa ce ke taruwa a bakin bututun cikin tanki, ta saki in inji ya tsaya. In kuwa mai na zuwa amma wuta ta ɗauke, taɓa kwayil: wanda ya tsufa yakan yanke in ya yi zafi, ya dawo in ya huce.

TAMBAYA: Man injina yana ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, kuma yana warin fetur.

AMSA: Kashe ta yanzu. Fatar famfon mai ta tsage, fetur na zuba kai tsaye cikin inji, ko allurar kafireto ba ta rufewa yana ambaliya. Man da fetur ya tsinka ba ya kare ƙarfe. Gyara famfon ko allurar, sannan ka canja man da matatarsa kafin ka sake murɗa makulli.