Na yafe mata, daga baya na sake ta: zan iya karɓe jaririn?

Tambaya: Malam, wata bakwai da suka wuce, matata tana da tsohon ciki, na ga hirarta da tsohon saurayinta a WhatsApp, hira irin wadda ba ta dace da matar aure ba. Ta yi kuka, ta rantse abin bai wuce waya ba, mahaifinta ya ba ni haƙuri, na ce na yafe. Amma abin ya ƙi barin zuciyata. Makon jiya muka yi cacar baki, na rubuta mata saki ɗaya, ta tafi gidansu da ɗanmu ɗan wata biyar. Hajiyarmu ta ce in karɓo shi ta riƙe, don mace irin wannan ba ta cancanci reno ba. Ina da wannan ikon?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka zuciya. Abin da ka gani yana da ciwo, kuma ba zan ce maka ba laifi ba ne. Amma amsar tambayarka a'a ce, kuma ko ba ka taɓa cewa ka yafe ba, amsar ba za ta canja ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa ke hukunci da ita, renon yaro bayan rabuwa, wato hadana, na uwa ne. Risalar Ibn Abi Zaid ta faɗe shi ƙarara: namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Abin da muka saba gani, da an yaye yaro a aiko ƙanin miji ya ɗauke shi ana cewa 'ya'ya ai na uba ne, al'ada ce kawai. Kai kuwa ko yayen ba ka jira ba.

Wata mata ta zo wa Annabi (SAW) tana cewa cikinta ne ya ɗauki ɗanta, nononta ya sha, a cinyarta ya kwanta, ga shi ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi. Sai ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Abu Dawud ya ruwaito. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar da ya rabu da matarsa, mahaifiyar Asim. Wata rana ya iske yaron yana wasa a harabar masallacin Ƙuba, ya kama damtsensa ya ɗora shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Ya ce a bar mata shi, Umar bai ƙara ko kalma ba. Umar fa ke nan, kuma da kaka ya yi shari'ar.

Maganar laifinta fa? Gaskiya ne amana tana cikin sharuɗɗan mai reno, tare da hankali, da iya ɗawainiya, da wurin zama mai aminci. Sai dai abin da alƙali yake dubawa shi ne ko halin uwar yana cutar da yaron: tana barin sa da yunwa ta fita yawo, tana shaye-shaye, ta shahara da fasiƙanci. Hirar waya da aka yi wata bakwai baya, aka tuba, aka ci gaba da zama har ta haihu a ɗakinka, ba za ta kai nan ba. Tambayar farko da za a yi maka a kotu ita ce: wata biyar ɗin nan wa yake yi masa wanka, wa yake tashi da shi tsakar dare, kuma me ya sa ba ka ga rashin amanarta a kansa ba sai ranar da kuka yi faɗa?

Ko da ma an cire ta, yaron ba hannun Hajiya zai faɗa ba. Bayan uwa sai kakarsa ta wajen uwa, sannan 'yan'uwan uwar mata. Sai an wuce su ake zuwa kan mahaifiyarka, kai kuma kana bayanta. Ka faɗa wa Hajiya wannan cikin ladabi. Na san ƙaunar jika ce da kishin ɗanta suka sa ta magana, amma ɗan wata biyar nono yake nema, kuma aya ta 233 a Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta.

Ka kuma kiyayi harshenka. Abin da ke hannunka saƙonni ne. Idan zafin rai ya sa ka kira ta mazinaciya a gaban alƙali ko a taron dangi, ka shiga babin ƙazafi, wanda Suratun Nur ta ɗora wa shaidu huɗu ko bulala 80. Li'ani kuwa, wato rantse-rantsen da miji da mata ke yi a gaban alƙali idan ya zarge ta da zina, asalinsa na mijin da ya ce ya gani da idonsa ne ko yake kore ciki, kuma yana raba aure har abada. Hotunan hirar nan ma kada ka tura wa kowa. Yaron nan zai girma, kuma waya ba ta mantuwa.

Yanzu ga yafiyar. A hukunce, cewa ka yafe bai hana ka saki ba, sakinka ya auku. Amma ni a ganina bakinka ne ya yafe saboda nauyin surukinka, zuciyarka kuwa ta ajiye abin tana jiran rana. Wannan yana faruwa da mutane da yawa, ba abin kunya ba ne mutum ya ce ya gwada ya kasa. Abin da ba shi da kyau shi ne a tono laifin da aka binne a mai da shi sandar dukan uwa da jariri. Alƙur'ani hanya biyu ya ba ka: riƙo da alheri ko saki da kyautatawa.

Sakin ɗaya ne, don haka tana cikin idda, kuma kana iya mai da ita ba tare da sabon sadaki ba, in gyara kake nufi. Iddarta tsarki uku ce, mai shayarwa kuma al'ada kan jinkirta mata, saboda haka kana da lokacin tunani. Asali ma a ɗakinta ya kamata ta yi iddar, kamar yadda ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce, kuma ci da sha da suturarta suna kanka har ta gama. In idda ta cika ba ku koma ba, ɗawainiyar yaro tana nan a wuyanka, har da ladan shayarwa in ta nema. Kai ne waliyyinsa, sunanka yake amsawa, kai za ka kula da karatunsa, kuma ba mai hana ka ganinsa.

Wani abu da nake yawan gani: a tsorata mace da tonon asiri har ta sa hannu a takarda cewa ta bar ɗa. Malamanmu sun ce uwar da ta sarayar da reno ba uzuri, ba ya dawo mata, shi ya sa wasu ke bin ta nan. Wanda ya karɓi ɗa da barazana, ko ya tsira a kotu, yana da sauran shari'a a gaba.

Ka samu dattijo ɗaya daga danginka, ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 a Nisa'i ta tsara, ko ku je sashen sulhu na Hisba in akwai a garinku. A zauna a yanke nawa za ka riƙa bayarwa duk wata da ranakun da za ka riƙa zuwa ganinsa, a rubuta, shaidu su sa hannu. In sulhu ya gagara, kotun shari'a ta yankinku tana da hurumi. Kafin nan, kuɗin sabulu da magani da abincin mai jego ka aika su yau, kada ka jira sai an kawo maka sammaci.