Tambayi Likita: Su Wa Ke Gadin Lafiyar Dabbobinmu da Amfanin Gonarmu?

Tambaya: Likita, ni bafatake ne. Ina sayen shanu a Maigatari ranar Alhamis, in yi lodi zuwa Legas. Bayan kwastan akwai wasu jami'ai da ke cewa sai sun duba dabba sun ba da takarda, kuma sai an biya. Shanuna lafiyarsu lau, ido ma ya shaida. Anya ba wata hanyar tatsar talaka ba ce? Daga wani Alhaji a Gumel.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. In dai na gaskiya ka haɗu da su, jami'an NAQS ne, hukumar tarayya mai hana cututtukan dabbobi da na shuka shigowa ƙasa ko fita daga cikinta. A 2018 aka sa hannu a dokar da ta tsayar da ita da ƙafafunta. Kwastan ruwansu kuɗin fito. Ita kuwa NAQS ruwanta abin da ke ɓoye a jikin sa, ko cikin buhun iri, ko a kwalin kifi, shi ya sa za ka same ta a filayen jirgin sama, da tashoshin ruwa irin su Apapa, da iyakokin tudu kamar Jibiya, Illela da Maigatarin taka.

Maganar ido ya shaida ce ban yarda da ita ba. Ɗauki ciwon huhu. Saniya kan ɗauke shi ta yi makonni, wani lokaci watanni, tana kiwo tana tuƙa ba ko tari. Wadda ta kwanta ta tashi ma ba a gama da ita ba, domin ƙwayar cutar kan maƙale a wani ƙulli cikin huhunta, ranar da wahalar tafiya ta fasa shi sai ta rabar wa duk waɗanda ke cikin tirelar. Lokacin da nake duba nama a mahauta na sha ganin bijimi mai tozo, dillalai na rantsuwa a kansa, ana buɗe ƙirji sai ga huhu ya yi tauri ya manne da haƙarƙari.

Tambayi dattawan ruga labarin bushiya, annobar nan ta shanu. Wajen 1890 ta ratso daga gabas ta kusa ƙarar da shanun Fulani, ta kuma dawo a farkon shekarun 1980, musamman 1983, mutum ya kwana da garke ya wayi gari da sanda kawai. Ba a sanar da kawar da ita daga duniya ba sai 2011, kuma da allurar rigakafi da tsare zirga-zirgar dabbobi aka ci ƙarfinta. Na kusa-kusa kuma, a watan Yunin 2023 ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Ghana, gwamnatin Najeriya ta yi gargaɗi har da cewa a dakata da cin ganda, a watan Yuli sai ga shi an tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja. Shi wannan yana kama mutum. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura bai daskarewa, ba a yanka ta, ba a feɗe ta.

Sai dai kada in yi maka daɗin baki. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma shanu da yawa ta burtali suke shigowa, ba su taɓa ganin ƙofar ofis ba. Hukumar kamar rariya ce da aka ɗora a bakin kogi, abin da ya biyo ta kanta kaɗai take tacewa. Sannan ba duk mai igiya da katako mai ƙusoshi a hanyar kudu ne jami'in lafiyar dabbobi ba. Na gaskiya zai leƙa mota, ya dubi baki da kofato da numfashi, ya ba ka takarda da rasit na gwamnati. Wanda ya karɓi kuɗi daga inuwar bishiya bai ko tashi tsaye ba, wannan kam tatsa ce, kuma ƙungiyarku ta fatake tana da bakin kai ƙara.

Tambaya: Ina da ƙanwa a Italiya, ta ce in riƙa aika mata wake daga Dawanau tana sayar wa 'yan Najeriya. Me ake buƙata? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Hajiya, kada ki sayi ko mudu ɗaya tukuna. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari mai suna dichlorvos a cikinsa, wanda shi ne gubar da ke cikin fiya-fiya. Ƙa'idarsu ita ce kada ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo, namu kuwa an samu wanda ya kai 4.6. An yi ta tsawaita haramcin bayan wa'adin farko ya cika. Saboda haka matakin farko shi ne ki je ofishin NAQS na Kano ki tambayi matsayin wake a ƙasar da za ki aika, kafin kuɗinki ya shiga buhu.

Ko me za ki fitar, riɗi ne, zoɓo ne, citta ce, sai hukumar ta duba shi a sito, ta ɗauki samfur, in da buƙata a turara shi da maganin da aka amince, sannan ta ba da takardar shaidar lafiyar shuka. Ba tare da ita ba, a can za a ƙona kayan ko a maido su, kuma ke za ki biya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, waken da Bature ya ƙi, mu muke cinye shi a ƙosai da alale. Alhali akwai buhun PICS mai ninki uku, leda biyu a ciki da buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙarau, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu da kansa ba ko ɗigon magani.

Tambaya: Baba likita, ina kiwon kajin ƙwai a bayan gida. Cikin kwana biyu sun fara zubewa, zankonsu ya yi baƙi-baƙi. Abokaina sun ce in yi maza in sayar wa masu fige kaji, don in hukuma ta ji za ta kashe sauran. Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah ya mayar da alheri, amma abokanka sun ba ka shawarar da za ta kashe kajin unguwa duka. Abin da ka kwatanta yana iya zama murar tsuntsaye, yana iya zama cutar Newcastle, kuma ba likitan da zai rantse maka da ido. Wannan ba aikin NAQS ba ne kai tsaye. Ofishin likitan dabbobi na jiha ko na ƙaramar hukuma za ka je yau ɗin nan, su ɗauki samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Filato, wadda ke wannan aiki tun 1924, tana kuma yin alluran rigakafin shanu da awaki da kaji.

Ba da nisa da kai ba aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a nahiyar Afirka, a wata gona kusa da Jaji, a watan Fabrairun 2006, ta sake dawowa a 2015 ta Kano da Legas. Na san abin da kake tsoro. In aka tabbatar, za a kashe sauran a binne, diyya kuma kan yi jinkiri, tun farko ma naira 250 aka yanka wa kowace kaza, abin da ya sa mutane suka riƙa ɓoyewa. A ganina duk gwamnatin da ke son a kawo mata rahoto da wuri, to ta biya da wuri. Amma kai ma in ka sayar, kejin mai saye da tayar babur ɗinsa za su kai cutar gona goma kafin Juma'a.

Kafin jami'ai su iso, rufe ɗakin, kada kowa ya shiga sai kai, ka ware takalmi da riga na wurin kaɗai. Matattun ka sa safar hannu ko leda ka ɗauke, ka ajiye biyu a ƙulle don gwaji, sauran ka binne su da zurfi. Kada ka sayar da ƙwan, kada ka ba manoma kashin kajin, kuma ka hana yara zuwa wurin.

Tambaya: Tsutsar Sharon daga ina ta zo mana? Daga wani manomin tumatir a Kadawa.

Amsa: Malam, wannan tsutsa mai cinye tumatir asalinta Kudancin Amurka. Ta shiga Sifen a 2006, ta bi Arewacin Afirka ta gangaro, a 2016 ta yi ɓarnar da har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Tana shiga tsakiyar ganye ne, shi ya sa feshin sama bai cika samunta ba, kuma tana saurin sabawa da magani. Ka riƙa sauya nau'in maganin da shawarar malamin gona, ka kafa tarkon da ke jawo mazan, ka ƙone karan tumatir bayan tsinka ta ƙarshe, kuma kada ka sayi dashe daga wurin da ka ga ganye ya yi farin tabo.