Tambaya da Amsa: Mi ake nufi da "rip off"?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, daga Tahoua nike rubuto maka. Na sayi waya jika 65 a kasuwa, na tura ma abokina da ke karatu a Akara hotonta da kuɗinta ta WhatsApp, sai ya rubuto mani "they ripped you off". Ni dai RIP na sani wadda ake sa ma mamaci a Facebook, wallahi sai da gabana ya faɗi. Mi yake nufi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, kwantar da hankalinka ba wanda ya mutu, aljihunka ne dai ya ji jiki. RIP ɗin da ka sani haruffan farko ne na rest in peace, ba abin da ya haɗa shi da rip off sai kamannin rubutu.

Rip ita kaɗai yagawa ce, kamar ƙusa ta kama maka riga a bayan kabu-kabu ta ɓarka ta. To Turanci na da wannan hali, a ɗauko aikatau a liƙa mashi ƴar ƙaramar kalma irin off ko up ko out sai ma'ana ta sauya gaba ɗaya, kuma nan ne mu da muka yi lakol da Faransanci muke shan wuya don tun sizem, ajin farko na kwaleji, malami ya saba mana da buɗe ƙamus kalma-kalma, ka duba rip ka duba off ka haɗa ka ga ba ta ba da komai ba. Abin da abokinka ke cewa shi ne an yanke ka, an tsuga maka kuɗi, wato arnaquer da kake ji a bakin ƴan Yamai. A Amurka rip off ta yaɗu cikin shekarun 1960, har da ma'anar sata ma ana amfani da ita.

Wurin da mutane ke kuskure: in za ka ce ni ko kai ko shi, a tsakiya yake shiga. He ripped me off, ba he ripped off me ba. Kuma ka lura p biyu ne a ripped. In abin kansa kake nufi sai ka ce it's a rip-off, kamar a ce maka lemu kwalba ɗaya jika guda a tasha. Kayan jabu da aka kwaikwayi na asali su ma rip-off ne, irin cazar da ke mutuwa bayan sati.

Amma fa maganar fada ce, ta abokai wajen shan shayi. Kar ka sa ta a takardar neman aiki, kuma kar ka tsaya gaban mai shago ka faɗa mashi, don kusan ɓarawo ka kira shi, in ana son ladabi overcharge ake cewa.

Batun wayar kuwa ba ka gaya mani wace iri ba ce, kuma kasuwar Akara daban tamu daban, ka zaga shago biyu uku ka tambayi kuɗinta kafin ka yarda an cuce ka.