Shin Hanta Takan Ƙara 'Yan Dakon Kitse Duk Bayan Cin Abinci?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a fannin kimiyyar sinadaran jiki. An koya mana cewa a cikin ƙwayoyin hanta akwai wani furotin, FABP, mai kama kitse, kuma yana ƙaruwa idan maiƙo ya yi yawa a abinci. To idan na ci abinci mai maiƙo da rana, kafin dare hantata ta ƙara shi ke nan? Haka na rubuta a jarrabawa, malaminmu ya ja mini jan layi, bai ce uffan ba.
Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, jan layin nan a wurinsa yake, sai dai da ya ɗan yi miki bayani da ya fi.

Kin san kitse da ruwa ba sa ga maciji, cikin ƙwayar hanta kuwa ruwa ne. Ƙananan sassan kitse idan aka sake su sakaka, kamar sabulu suke ga bangon ƙwayar, lalata shi suke yi. Shi ya sa ake buƙatar ɗan dako. FABP na hanta ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid (tubalan gina furotin) 127, yana da rami a tsakiya inda yake ɓoye kayansa. 'Yan uwansa na zuciya da na hanji ɗaya-ɗaya suke ɗauka, shi kuwa biyu yake sunkuta. Robert Ockner da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan dangi a 1972.

Inda kika zame shi ne batun lokaci. Kowane furotin a jiki ana gina shi ana rushe shi, amma ba da sauri ɗaya ba. A hantar ɓera, sai an yi kusan kwana 3 kafin rabin FABP ɗin da ke nan ya ƙare. Ɗauki biro ki lissafa: a ce an daina ƙera shi yau yana 100, bayan kwana 3 saura 50, bayan kwana 6 saura 25. Abin da ke tafiya a hankali haka, hawansa ma a hankali ne. Ko hanta ta ninka ƙera shi yanzun nan, sai an wuce mako kafin ya kusa kai sabon matsayinsa. Ki gwada shi da sinadarin da ke jagorantar haɗa kolestarol, wanda rabinsa ke ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, har yawansa na dare ya bambanta da na rana. FABP ba ya wannan rawar.

Maiƙon abincin rana fa? Masu dakon da ke nan tun farko su ke kwashe shi, don yawa gare su: kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na furotin ɗin da ke ruwan ƙwayar su ne.

Abin da ke ƙara shi da gaske shi ne abin da ya daɗe. Idan kitse ya yi ta kwararowa kwana da kwanaki, yakan tayar da wani maɓalli mai suna PPAR-alfa a cibiyar ƙwayar, shi kuma ya ba da umarnin a ƙara ƙera FABP. Abin da ya fi burge ni, FABP ɗin da kansa yana cikin masu kai kitsen wurin maɓallin, wato ɗan dako ne ke kai saƙon a ƙaro ma'aikata. Magungunan rage kitsen jini irin su clofibrate ta wannan ƙofa suke bi. Jinsi ma da nasa: macen ɓera ta fi namiji yawansa, don sinadarin mata na ɗaga shi, na maza na danne shi.

Idan tambayar ta sake fitowa kika rubuta kwana 3, kada ki manta ki ƙara da cewa a ɓera aka auna, don kada jan biron ya sake samun wurin sauka.