Likitan Dabbobi Ya Amsa: Baƙaƙen ƙwarin da ke shan jinin maciji

Wasiƙun wannan makon sun karkata ga wata dabba da yawancinmu muka fi sanin ta da sanda. Amma akwai masu kiwon ta, ga gardawa, ga masu ajiye mesa don sha'awa, kuma ita ma tana ciwo kamar akuya da kaza.

Likita, ina da 'yar mesa irin mai dunƙulewa kamar ƙwallo. Kwana goma ke nan ba ta fita daga kwanon ruwanta, ta ƙi cin ɓera, kuma ina ganin baƙaƙen ɗigo kamar garin barkono a gindin kwanon. Ƙwarƙwata ce? (Wani matashi daga Kaduna)

Malam, ba ƙwarƙwata ba ce, ko da yake haka masu kiwo ke kiran ta. Wani ƙwaro ne dangin kaska, sunansa a kimiyyance Ophionyssus natricis, girmansa bai wuce kan allura ba. Jini yake sha. Ƙaiƙayi ne ya kai mesarka cikin ruwa, ɗigon da kake gani kuwa gawar waɗanda suka nutse ne. In kana son tabbatarwa, jiƙa farin ƙyalle ka shafa ta daga kai zuwa wutsiya. Za ka ga ɗigo suna motsi, in ka murje ɗaya ya bar jan tabo. Ka leƙa zagayen ido da tsagar ƙarƙashin haɓa da 'yan ramukan leɓe, nan suka fi maƙalewa.

Ga inda mutane ke yin kuskure: ƙwarin da ke jikin macijin kaɗan ne a kan waɗanda ke cikin akwatinsa. Macen takan sha ta ƙoshi, ta sauka, ta nemi lungu mai duhu da laima ta zuba ƙwai. A wuri mai ɗumi, mako biyu zuwa uku ya isa ƙwai ya zama babba mai yin nasa ƙwai, kuma suna iya shafe makonni ba su sha jini ba suna raye. Wanda ya wanke maciji ya mayar da shi akwatin jiya, ya yi aikin baban giwa.

Sai ka kama aikin ta fuska biyu. Sa mesar a roba mai murfi da huji, cikin ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai rufe bayanta ba, kamar minti 30, kana tsaye a kanta. Kafin ta fito, a kwashe duk shimfiɗar akwatin, a ɗaure a leda a ƙona. A wanke akwatin da ruwan zafi da sabulu, a bi kusurwa-kusurwa da tsohon burushi. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe su, don haka itace da duwatsun ado ka ɗaure su a baƙar leda ka shanya a kan kwanon rufi wuni guda. A nan ranarmu ta bazara ta yi mana rana. Shimfiɗa kuma daga yau farar takarda ce kawai, ana canza ta kullum, domin a kanta ne za ka gane ko sun ƙare.

Magani kuwa, likitocin dabbobi kan tsarma ivermectin, maganin tsutsa da ƙwarin jikin dabbobi, miligiram 5 a lita ɗaya ta ruwa, a fesa wa akwati da jikin macijin sama-sama, ban da ido da baki, a cire kwanon sha sai komai ya bushe. Wasu kan zuba fipronil, wani maganin ƙwarin jikin dabbobi, a ƙyalle su shafa. Ana maimaitawa mako-mako har kusan mako shida. Ka kai ta wurin likitan dabbobi a auna nauyinta kafin ka fara, musamman da yake ƙarama ce. Ka buɗa bakinta kuma a duba: in cikinsa ya yi fari fat maimakon ruwan hoda, jini ya yi ƙasa, kuma ƙananan macizai na mutuwa a kan haka.

Ranka ya daɗe, mu gadon wasa da maciji muka yi. Mahaifina toka da kananzir yake sa musu, ni kuma na gwada fiya-fiya, biyu suka mutu. Me ya jawo? (Daga Zinder)

Allah ya mayar da alheri. Maganin ne ya kashe su. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san ƙwaro da maciji ba. Maciji yana numfashi dab da ƙasa, a akwati rufaffe, ga shi yana lasar iska da harshe. Alamun gubar su ne karkarwa, dalala, juyewa rigingine, sai mutuwa. Na taɓa karɓar wata mesa da aka kawo cikin buhu, tun kafin a kwance bakin buhun warin maganin ya cika ɗakin, mu ma sai da muka buɗe tagogi. Ba ta kai yamma ba. A ganina gubar da ake fesawa ta fi ƙwarin kashe macizai. Kananzir da baƙin mai kuma ƙona fata suke yi su hana saɓa fita daidai. Toka ba ta kai wa ga ƙwan da ke cikin saƙar kwando.

Tunda naka masu dafi ne, ba zan ce ka zauna kana shafa su da ƙyalle ba. Mayar da su sabuwar roba mai santsi, tsoffin kwanduna da buhuna a cinna musu wuta. Kuma ko da laƙani, in tsautsayi ya gifta, asibiti za a nufa a yi allurar kashe dafi, ban da tsaga, ban da ɗauri.

Likita, ɗana yana kiwon maciji a ɗakinsa a nan Ingila. Ƙanwarsa 'yar shekara 4 ta fito da ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu. Ƙwarin sun koma jikinta ne? (Wata uwa daga Manchesta)

Hajiya, kwantar da hankalinki. Suna cizon mutum su bar jajayen ƙuraje, amma ba sa zama a jikinmu, ba sa hayayyafa a kanmu. A yi mata wanka da sabulu, a shafa maganin ƙaiƙayi na kalamin, a yanke mata farce. In ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ya shiga tsakanin yatsu, ko wasu a gidan suka fara susa, to a kai ta a duba ƙazuwa, wannan ciwo ne daban.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarunta. Macizai da ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar salmonella a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, ita kuma tana sa gudawa da zazzaɓi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai kamata ya taɓa su ba, kuma kada a wanke kwanon macijin a wurin wanke-wanken abinci.

Akwai ragowar ivermectin na awakina. Zan iya yi wa kunkurun gidanmu? Na ga kaska a wuyansa. (Daga Katsina)

Kul! Ivermectin yana shanye jikin kunkuru ya kashe shi, ko da ɗan kaɗan ne. Sa hantsaki ka kama kaskar dab da fata, ka ja a hankali ba tare da murɗawa ba, ka goga aidin a wurin. Haka ake yi wa mesar da aka kamo daga daji, don su ma sukan zo da kaska.

Ta ina baƙaƙen ƙwarin nan suka shigo, alhali macijina ba ya fita? (Daga Kumasi)

Ƙafa gare su, suna tafiya daga akwati zuwa akwati, suna kuma bin hannu da hannun riga. Galibi sabon maciji ne ke kawo su, ko ziyarar wani mai kiwo. Duk baƙon da ka sayo, ware shi a wani ɗaki a kan farar takarda wata uku, kuma shi za ka riƙa ba abinci a ƙarshe, sannan ka wanke hannu.